Word biyu a kwamfuta ɗaya: wa za ka bai wa ƙofar fayil?

Wata Laraba da hantsi wani ɗalibin Jami'ar André Salifou ya shigo shagona da kile USB a hannu, gumi na tsiyaya a goshinsa. Kundin kammala karatunsa ne, wanda suke kira memuwar, shafi tamanin da ƴan kai, kuma washegari zai miƙa shi. Ya ce, "Yaya, don Allah kwafi uku za a fitar mini. Na gyara komai, ba sai an taɓa ba." Na danna fayil sau biyu, Word ya buɗe, sai ga taken babi na biyu ya gangaro tsakiyar takarda, wani teburi ya rabu gida biyu, lambobin shafi sun daina dacewa da jerin abubuwan da ke ciki. Yaron ya dafe kai ya ce, "Wallahi ba haka na bar shi ba." Gaskiya ya faɗa. Kwamfutar teburina tana ɗauke da Office 2007 da Office 2016 a tare, shi da 2016 ya yi rubutunsa, a ranar kuwa 2007 ne ya amsa kira. Na rufe ban adana ba, na tada 2016 da hannuna, na bi ta Fichier da Ouvrir na ɗauko kundin, komai ya koma mazauninsa.

Ba don sha'awa mutane ke tara siga biyu na manhaja ɗaya ba. Yawancin kwamfutocin da ke hannunmu a Damagaram na gwanjo ne, wasu daga Kano, wasu ta Kwatano, kuma da tsohon Office a cikinsu suke isowa. Mai gyara ya ɗora sabo a kai bai cire na da ba. Wani kuma hannunsa ya saba da wurin da kowane maɓalli yake a tsohon, ba ya son a taɓa masa. Akwai masu dalili mai ƙarfi. Picture Manager, ɗan abin nan mai sauƙin yanke hoto da rage masa nauyi, an cire shi daga Office tun sigar 2013, don haka mai aikin hoton fasfo da takardun neman aiki yakan riƙe 2007 ko 2010 saboda shi kaɗai. Access 2013 ya daina buɗe rumbun bayanan da aka gina da tsarin Access 97, kuma har yanzu akwai ofisoshin da lissafinsu ke cikin irin wannan tsohon fayil. Masu zane da CorelDRAW da masu taswirar gini da AutoCAD su ma da nasu labarin, zan zo kansa.

Kafin a zaɓi hanya, yana da kyau a san abin da ke faruwa idan an danna fayil sau biyu. Windows ba ya leƙa cikin fayil ya ga wace siga ce ta rubuta shi. Wutsiyar sunan kawai yake dubawa, wato ƴan haruffan da ke bayan ɗigo: .docx, .xlsx, .cdr, .dwg. A cikin rajistarsa, wato kundin da Windows ke ajiye saitunansa, kowace wutsiya tana nuni zuwa suna ɗaya, sunan nan kuma yana nuni zuwa umarni ɗaya na buɗewa. Kana iya ganin haka da idonka. Buɗe Invite de commandes, baƙar tagar nan da ake rubuta wa Windows umarni, ka rubuta:

assoc .docx

Zai amsa maka da .docx=Word.Document.12. Wannan 12 ɗin tana ruɗa mutane, su ɗauka 2007 ne ya ƙwace, alhali lambar tsarin fayil ce, wanda ya fara da Office 2007 kuma bai canza suna ba har yau. Wanda ke riƙe da ƙofa a zahiri, wato wanda ke buɗe fayil in an danna shi sau biyu, sai ka rubuta ftype Word.Document.12 za ka ga hanyarsa. In ka ga Office12 a cikin hanyar, 2007 ne. Office14 na 2010 ne, domin an tsallake 13. Office15 na 2013. Office16 kuwa ya haɗa 2016 da 2019 da 2021 da Microsoft 365. Shi ya sa waɗannan na ƙarshen ba sa zama tare a kwamfuta ɗaya, lambarsu ɗaya ce.

Ma'anar wannan duka ita ce wutsiya ɗaya mai ita ɗaya ne. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Takardar da Word 2007 ya rubuta da wadda Word 2021 ya rubuta duk .docx ne, babu yadda za ka ce wa Windows ya kai wannan can ya kawo waccan nan. Duk dabarun da ake yawo da su abu biyu kaɗai suke iya yi: su zaɓi mai riƙe ƙofa, ko su buɗe wa ɗayan wata ƙofar gefe.

(Tunda wutsiyar ce ke hukunci, ka sa Windows ya riƙa nuna ta. A ɓoye take zuwa. A Windows 10 ka buɗe kowane dosiye, ka shiga Affichage, ka sa alama a Extensions de noms de fichiers. Wannan kuma zai nuna maka fayil mai kama da takarda alhali da .exe ya ƙare, wato manhaja ce da ka iya cutar da inji, irin waɗanda kile ke kwasowa daga kwamfuta zuwa kwamfuta.)

Tambayar farko ke nan: tsohon za a bai wa ƙofa ko sabon? A nan mutane ke saurin cewa sabo, ni ma ga Word da Excel haka nake cewa, amma da dalili. Sabon Word yana buɗe takardar tsoho a cikin abin da yake kira Mode de compatibilité, ya bar mata tsarinta, kuma in ka adana ba ya canza ta sai ka ce masa ya canza. Tsohon kuwa ba shi da labarin abin da aka ƙirƙiro bayansa. Word 2013 ya zo da sauyi a yadda ake jera layuka da teburi a shafi, shi ya sa kundin ɗalibin nan ya zame. Ba kullum ake ganin haka ba. Wasiƙar shafi ɗaya ba ta nuna komai, sai doguwar takarda mai teburi da hotuna da bayanan ƙasan shafi. A Excel abin ya fi zafi, domin lissafi ne. Dabarar RECHERCHEX, mai nemo bayani a cikin teburi, tana cikin Excel 2021 zuwa sama da Microsoft 365 kawai. In fayil mai ita ya faɗa hannun tsohon Excel, za ka ga an liƙa mata _xlfn a gaba, da zarar ya sake lissafi kuma ɗakin ya koma #NOM?. Mai lissafin albashi ko na kayan kanti da ya adana a haka ya jawo wa kansa aiki.

Dalili na biyu tsaro ne, kuma shi ya fi damuna. Microsoft ta daina fitar wa Office 2007 gyaran tsaro tun Oktoba 2017, na 2010 a Oktoba 2020, na 2013 a Afrilu 2023. Mode protégé, wanda ke buɗe takardar da ta zo daga intanet a killace kafin ka yarda da ita, da Office 2010 ya fara. 2007 ba shi da shi sam. A shago irin nawa, inda fayil ke shigowa ta WhatsApp da imel da kilen mutanen da ban sani ba, barin mafi tsufa a bakin ƙofa kamar sa tsohon da idonsa ya yi rauni gadin dare ne.

Hujja ɗaya ce nake karɓa daga masu son tsohon Word ya riƙe ƙofa, ita ce raunin inji. Kwamfuta mai ram giga 2 tana tada 2007 ko 2010 nan take, sabon kuwa sai ka jira. In aikinka buga wasiƙu ne da kai kake fara su kai kake gama su, ba abin da ke shigo maka daga waje, to tsohon ya wadatar. Sai dai in haka ne, me sabon yake yi a kwamfutar?

Ga CorelDRAW kuwa, maganar ta juya. Wata rana wata Hajiya ta kawo a gyara sunan ango a katin ɗaurin auren ƴarta. Katin da X7 aka zana shi, sigar 2014. Yaron shagona ya danna sau biyu, sabon Corel da muka ɗora a satin ya buɗe, ya gyara harafi ɗaya, ya danna adana, ya zuba a kile. Aka hau kabu-kabu aka kai maɗaba'a, su kuma X7 gare su, fayil ya ƙi buɗuwa. Ta kira ni tana cewa, "Malam, an ce katin ya lalace, ga biki saura kwana huɗu." Bai lalace ba, an dai adana shi da tsarin da tsohon bai sani ba. Na sake buɗe shi, na bi ta Enregistrer sous, na zaɓi 17.0 a wurin Version, wadda ita ce lambar X7, aka sake komawa. Wutsiyar .cdr ba ta canza ba, ba abin da ido zai gani, amma cikin fayil ɗin ya canza.

AutoCAD ma haka yake, sai dai nasa sauyin a tsalle yake zuwa. Tsarin .dwg ya canza a 2007, da 2010, da 2013, da 2018. Wanda ke da AutoCAD 2016 yana buɗe abin da 2013 zuwa 2017 suka adana, amma ba ya buɗe tsarin 2018. InDesign, na tsara shafukan littafi da mujalla, shi ma ba ya buɗe fayil na sigar da ta fi shi sabunta, sai an fitar masa da shi a tsarin IDML. A irin waɗannan manhajoji, buɗewa da sabo ka adana tafiya ce da ba ta da saurin dawowa. Don haka abin da nake tambayar mai zane shi ne: in fayil ya bar hannunka, hannun wa zai faɗa? In maɗaba'ar da kake kai aiki ko injiniyan da ke duba taswirarka tsohuwar siga gare su, ita za ka bai wa ƙofa, sabuwar ka riƙa kiranta da gangan idan kana buƙatar ta. In kuma ba ka son rabuwa da sabon AutoCAD, shiga Options, a shafin buɗewa da adanawa ka sa ya riƙa adanawa kullum da tsarin 2013 ko 2010.

To an zaɓi mai ƙofa. Ta wace hanya za a miƙa masa ita?

Wadda kowa ke fara gwadawa ita ce danna maɓallin dama a kan fayil, Ouvrir avec, Choisir une autre application, a sa alama a Toujours utiliser. Wanda kwamfutarsa da Ingilishi take, kamar yawancin masu shigowa daga Kano, Open with zai gani. Ƴar'uwarta tana cikin Paramètres, Applications, Applications par défaut, inda Windows 10 da 11 ke ba ka damar zaɓa wutsiya bayan wutsiya. A Windows 7 cikin Panneau de configuration take, a Programmes par défaut. Tsakanin manhajoji biyu mabambanta, kamar Word da LibreOffice, ko Adobe Reader da Edge a kan .pdf, babu hanyar da ta fi ta: minti ɗaya, ba haɗari, kuma ta shafi mai wannan asusun ne kaɗai, ba ta taɓa sauran masu shiga kwamfutar. Amma tsakanin siga biyu na abu ɗaya takan ci amana. Dalilin shi ne sunan fayil ɗin da ke tada manhajar ɗaya ne: Word 2007 WINWORD.EXE ne, Word 2016 ma WINWORD.EXE ne, Excel kuma EXCEL.EXE a kowace siga. Windows da wannan sunan yake rijistar abin da ka zaɓa. Sai ka sha wahalar bin dosiye har cikin Office16, ka nuna masa fayil ɗin da yatsa, shi kuwa ya ce ai na san wannan sunan, ya tada maka wanda ya riga ya sani. Wani lokaci ma Word ɗaya kawai za ka gani a jerin, ba shekara ba lamba. Ka gwada ta, tunda ba ta cin komai, amma in ta ƙi sau biyu kada ka ɓata yininka.

Hanyar da ta fi aminci ga Office ita ce gyara. Ƙa'idar ita ce wanda aka ɗora a ƙarshe, ko aka gyara a ƙarshe, shi ke rubuta sunansa a rajista a kan na ɗan'uwansa. Shi ya sa Microsoft ke cewa a fara ɗora tsoho sannan sabo. In an riga an yi, shiga Panneau de configuration, Programmes et fonctionnalités, ka zaɓi Office ɗin da kake so ya riƙe ƙofa, ka danna Modifier, sannan Réparer. Zai karɓe dukkan wutsiyoyinsa a lokaci guda, .doc da .docx da .xls da .xlsx da .pptx, har da tambarinsu. Ƙarfinta ke nan, rauninta ma ke nan: ba ta rabawa. Ba za ka ce Word na 2016 amma Excel na 2010 ba. A sabbin sigogi za a ba ka zaɓi biyu; ɗauki Réparation rapide, wadda ba ta buƙatar intanet. Réparation en ligne sake sauko da Office take yi gaba ɗaya, forfe ɗinka zai tafi a banza. Kuma kada ka fara ta a kwamfutar tebur da ba ta da na'urar riƙe wuta, musamman a watannin zafi da ake yawan ɗaukewa. Gyaran da ya tsaya a tsakiya yakan bar Office biyun duka a kwance. CorelDRAW ma da irin wannan gyaran ake mayar wa tsohuwar siga wutsiyar .cdr.

Ga Word kaɗai akwai ƴar gajeriyar hanya: ka rubuta cikakkiyar hanyar WINWORD.EXE na sigar da kake so, ka bi ta da /r, zai sake rijistar kansa. Lura, Windows na Faransanci yana nuna dosiyen da sunan Programmes, amma sunansa na gaskiya da za ka rubuta Program Files ne.

Sai dai gyara ba ya ɗorewa in ba a ɗaure wani abu ba, kuma nan ne mutane ke gajiya. Tsofaffin sigogin Word da Access kamar kishiyoyi suke a kan girki: duk wanda ka tada, in ya ga ba sunansa ke rajista ba, sai ya tsaya ya mayar da kansa. Wannan ne akwatin nan na Configuration de Microsoft Office da ke fitowa yana jan layi a hankali, kwastoma na tsaye yana kallonka. Da ya gama, ƙofa ta koma hannunsa. Abin da ya faru da ni ranar ɗalibin nan ke nan: da daddare an buɗe 2007 don wani ɗan aiki, da safe ya wayi gari shi ne mai gida. Sabunta Office ta intanet ma takan juya abin.

Maganin wannan yana cikin rajista, kuma shi ne kaɗai taɓa rajista da nake yarda da shi ga wanda ba gwani ba, domin layi ɗaya ne kuma Microsoft da kanta ta bayyana shi. A Invite de commandes:

reg add HKCU\Software\Microsoft\Office\12.0\Word\Options /v NoReReg /t REG_DWORD /d 1

Wannan yana hana Word 2007 sake rijistar kansa. In 2010 ne, ka mayar da 12.0 ta zama 14.0, in 2003 ne, 11.0. Tsarin aikin shi ne ka fara ɗaure tsohon da wannan layin, sannan ka gyara sabon. In ka juya su, ko ka manta ɗaurin, buɗewa ɗaya za ta warware maka aikin. HKCU da ke farkon layin na nufin mai asusun da ke ciki a lokacin, don haka in yaran shago da asusunsu daban suke shiga, sai an maimaita a can.

Abin da ya wuce wannan, wato shiga Éditeur du Registre a canza hanyoyi da hannu, ko a yi amfani da ftype a rubuta sabon umarni, ba na ba kowa shawararsa. A zamanin Windows XP akwai shafin Types de fichiers inda mutum ke gyara umarnin buɗewa cikin sauƙi. Tun Vista aka cire shi. Daga Windows 8, a 2012, zaɓin da mai asusu ya yi ana ajiye shi a wani wuri mai suna UserChoice tare da wani hatimi da Windows kaɗai ke bugawa. In ka canza sunan da hannu hatimin bai dace ba, sai ya watsar da zaɓin ya koma nasa. Shi ftype kuma a ƙarƙashin UserChoice yake aiki, in akwai zaɓi a sama ba a ma duba shi. Ƙari a kan haka, tsofaffin Office suna ajiye wani rubutu na biyu kusa da hanyar, wanda ake fifitawa a kanta, sai ka gyara hanya tsaf ka ga ba abin da ya motsa. Amfani ɗaya da wannan hanyar ke da shi a kan gyara shi ne rabawa, misali .doc ga tsohon Word, .docx ga sabo, tunda sunayensu a rajista daban ne, Word.Document.8 da Word.Document.12. Amma sabon Word yana buɗe .doc lafiya lau, don haka ribar ba ta kai wahalar ba. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Yanzu ƙofar gefe, wadda ita ce na fi so a cikin duka, ita ce kuma ba a cika sani ba. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta shell:sendto. Wani dosiye zai buɗe. Duk gajeriyar hanyar da ka ajiye a cikinsa za ta fito a jerin Envoyer vers. Je dosiyen tsohuwar siga, ka yi wa fayil ɗin da ke tada ta rakursi, wato gajeriyar hanyar, ka kawo shi nan, ka raɗa masa suna da kowa zai gane, kamar Word 2007 ko Corel sabo. Daga nan danna sau biyu na mai ƙofa ne. In kana son ɗayan, maɓallin dama, Envoyer vers, ka zaɓe shi. A Windows 11 sai ka fara danna Afficher d'autres d'options kafin jerin ya bayyana. Ba a taɓa rajista ba, sabuntawa ba ta rusa ta, in ka gaji da ita ka goge rakursin shi ke nan. Kuma ba ta damu da cewa sunayen fayilolin tadawa iri ɗaya ba ne, domin rakursi cikakkiyar hanya yake riƙewa. Abu ɗaya za ka kiyaye: in wani Word ko Excel yana buɗe, fayil ɗin yakan tafi wurin wanda ke buɗen, ko ba shi ka kira ba. Rufe ɗaya kafin ka kira ɗaya. Mai shakkar wanda ya amsa ya duba Fichier, Compte; in kuwa ya ga maɓallin nan mai zagaye a kusurwar hagu ta sama, 2007 ne.

Wasu kamfanoni sun ga matsalar sun sa ɗan aike a tsakani. AutoCAD yana ba da .dwg ga wani ƙaramin abu mai suna DWG Launcher, shi kuma ya miƙa fayil ga sigar da aka buɗe a ƙarshe. In kana son canji, tada wadda kake so sau ɗaya ka rufe. Da sauƙi, amma a kwamfutar da hannu biyu ke taɓawa ba ka san wa ya buɗe me jiya ba. Python, harshen rubuta manhaja, ya fi dabara: tun siga 3.3 yana zuwa da py.exe, wanda ke karanta layin farko na fayil ya ga sigar da aka nema. Ɗaliban kimiyyar kwamfuta su bar .py a hannunsa, kada su ɗaure ta ga siga ɗaya.

Kwamfuta a cikin kwamfuta, irin ta VirtualBox, tana raba su kwata-kwata, kowa da rajistarsa. Tana da kyau ga ofishin da ke da tsohon rumbun Access da inji mai ƙarfi. A kan ram giga 4 kuwa azaba ce. In akwai tsohuwar kwamfuta a lungu, gara a ware ta ga tsohon aikin a cire ta daga intanet.

Saura hanyar da ke kashe rigimar daga tushe, ita ce rage kaya. Mutane suna ɗauka ko dai a bar tsohon Office gaba ɗaya ko a cire shi gaba ɗaya, alhali ana iya yi masa aski. A wurin nan dai na Modifier akwai Ajouter ou supprimer des composants. Ka cire Word da Excel da PowerPoint na tsohon, ka bar abin da ya sa ka riƙe shi, Picture Manager ko Access. Da zarar babu Word biyu, babu mai ja da wani a kan .docx. Ka gyara sabon sau ɗaya bayan askin, domin tsohon yakan tafi da wasu wutsiyoyi in zai fita. Mai shirin ɗora sabo a kan tsoho ya tuna abu biyu: Outlook ɗaya kawai ke zama a kwamfuta, kuma Office mai bit 32 ba ya zama da mai bit 64. Office 2007 na 32 ne kaɗai, don haka duk wanda zai zauna da shi dole ya zama na 32.

In ka tambaye ni wace ce taka, sai na tambaye ka aikinka. Mai sakatariya da malamin makaranta da sakataren ofis, waɗanda takardun mutane ke ratsa hannunsu: aski, sabon ya riƙe komai. Wanda lallai yana buƙatar Word biyu, misali mai koyar da kwamfuta da ɗalibansa ke zuwa da siga iri-iri: NoReReg a kan tsohon, gyara a kan sabon, Envoyer vers don kiran tsohon. Mai zanen kati da bandarol da mai taswira: ya tambayi inda yake kai aiki wace siga gare su, ya ba ta ƙofa, sabuwar ta zauna a gefe.

A shagona, bayan ɗalibin nan ya tafi da kwafinsa uku, da yamma na cire Word da Excel da PowerPoint na 2007, na bar Picture Manager don hotunan fasfo, na yi wa 2016 Réparation rapide. Wutsiyar .cdr na mayar wa X7, sabon Corel yana cikin Envoyer vers. A jikin allon kwamfutar zane kuma na liƙa ƴar takarda da rubutun hannu don yaran shago: kafin ka adana, duba Version.